Cinikin Fili a Manga: A Sallama da Hausa, a Rubuta da Turanci

A Manga, kamar sauran garuruwan ƙaramar hukumar Zuru, cinikin fili yana tafiya ne da kalmomin da kowa ya tashi ya tarar. Mai saye ya taya, mai fili ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani, a ƙara, a sallama. A ba da kafin alƙalami, a sa ranar cikon kuɗi, a kira shaidu, a cire la'ada. Har zuwa nan babu wanda ke bukatar tafinta. Duhu yana shigowa ne lokacin da aka ɗauko biro. Takardar da za ta ci gaba da magana bayan dillali da shaidu duk sun kwanta dama, da Turanci ake rubuta ta, cikin kalmomin da sau da yawa ko yaron da ya buga ta a kwamfuta bai san nauyinsu ba.

Da can, lokacin da ƙasa ke da yalwa kuma kowa ya san gonar kakan kowa, hakan bai dami mutane ba. Yanzu lamarin ya sauya. Tun da aka ɗaga Kwalejin Noma ta Zuru ta zama Jami'ar Noma ta Tarayya a 2020, ma'aikata da ɗalibai ke neman wurin zama. Hare-haren 'yan bindiga a yankunan Danko-Wasagu da Sakaba sun koro iyalai da dama zuwa Zuru da garuruwan da ke kewaye da ita. Ga kuma 'ya'yan ƙasar Zuru da suka yi aikin soja ko na gwamnati a wasu jihohi, waɗanda babban burinsu bayan ritaya shi ne su dawo gida su kafa tubali. Gonar da ake shuka dawa jiya, yau an ja igiya an yanka ta fuloti-fuloti. Inda fili ya yi daraja kuwa, rigima ba ta nisa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mafi yawan masu rasa fili ko gida a irin wannan yanayi ba da ƙarfin tsiya ake ƙwace musu ba. Suna rasawa ne a kan wata kalma da suka dangwala wa yatsa ba su fahimce ta ba. Kuma nauyin fahimtar da su yana wuyan hukuma kafin ya zo kan talaka, domin ita ta zaɓi harshen da take rubuta dokarta da shi.

Fili guda a Manga yana ƙarƙashin shari'a uku a lokaci ɗaya: al'adar Dakarkari da ta sauran mazauna, shari'ar Musulunci ga waɗanda ta shafa, da dokar gwamnati. Kowace tana da kalmominta, kuma akwai kalmar da ke nufin abu daban a kowace.

Babbar kalmar ita ce mallaka. Ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Sashe na 1 ya damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya. Ba baƙon abu ba ne a Arewa, don Turawan mulkin mallaka sun kafa irin wannan tsari tun 1910, Jihar Arewa kuma ta sabunta shi a dokarta ta 1962. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 315, ya ɗaure dokar yadda ba a iya taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulki. Ma'anar wannan a aikace ita ce, a idon gwamnati ba ƙasa mutum ke saye ba. Abin da yake saye shi ne haƙƙin zama da amfani da wurin, sai kuma ginin da ke kai.

Haƙƙin nan iri biyu ne. Akwai wanda gwamna ke bayarwa, wanda shi kaɗai ne ke aiki a yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni. Akwai kuma na gargajiya, wanda sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayarwa a wajen birni, don noma ko gidan zama. Layin da ya raba birni da karkara ba a ganin sa a ƙasa, a taswirar gwamnati yake. Don haka tambayar farko ga mai sayen fili a gefen gari ita ce, wannan wuri a wane ɓangaren layin ya faɗa? Amsar ce za ta nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, sakatariyar ƙaramar hukuma a Zuru ko ma'aikatar filaye a Birnin Kebbi.

Wanda ya gaji gona ko gida tun kafin 1978 bai kamata ya tsorata ba. Sashe na 34 da na 36 sun ɗauke shi tamkar wanda aka riga aka ba haƙƙin, ko da ba shi da takarda ko guda. Sai dai sashe na 36 ɗin yana da wata ƙaya da 'yan awon igiya ba sa ambata: ya hana a yanka irin wannan gona ta karkara zuwa fuloti ko a miƙa ta ga wani, har ya tanadi tara ko ɗaurin shekara ɗaya. Ba kasafai ake aiki da wannan tanadi ba, amma yana nan a rubuce, kuma lauyan abokin shari'a ya san inda yake.

Daga nan sai takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O. Mutane da yawa sun ɗauka wanda ya riƙe ta ya gama da kowa. Kotun Ƙoli ba ta yarda da haka ba. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, wanda ke riƙe da takardar gwamna shi ya sha kaye a hannun wanda ya tabbatar da cewa gidansu ya riga shi samun filin bisa al'ada. Kotun ta nuna cewa takardar shaida ce kawai a kan haƙƙin da mutum ke da shi, ba ta haifar masa da haƙƙin da bai taɓa samu ba. Tana kuma zuwa da sharuɗɗa. Wa'adinta na gidan zama yawanci shekara 99 ne, akwai kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara, akwai wa'adin da aka ɗiba a yi gini, kuma saɓa waɗannan na iya jawo a soke ta.

Gwamna na iya soke haƙƙin zama ko da mutum bai yi laifi ba, idan ana bukatar wurin don amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti. Nan ne kalmar diyya ke yaudarar mutane. Sashe na 29 ya ɗora diyya ne a kan abin da mutum ya zuba a wurin: gini, rijiya, itatuwa, amfanin gona. Ƙasar kanta ba a biyan ta da farashin kasuwa. Wanda ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a fili ya bar shi fayau yana jiran ya yi tsada, ya kamata ya san wannan tun kafin ya biya.

Kalmar da ta fi kowace jefa masu saye cikin rami ita ce amincewa. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da haƙƙin da gwamna ya bayar, ko a jinginar da shi, sai da yardar gwamna. Sashe na 21 ya ɗora yardar ƙaramar hukuma a kan na gargajiya. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya kauce wa dokar ɓatacce ne. Bankin Savannah ya ɗanɗana wannan a 1989. Wani mai gida a Legas, Ajilo, ya jinginar wa bankin gidansa, da aka zo sayarwa don a fanshe bashi sai ya garzaya kotu ya ce ba a nemi yardar gwamna ba. Kotun Ƙoli ta rushe jinginar. Idan banki mai tarin lauyoyi ya faɗa wannan rami, ina ga malamin firamare da ya tara albashinsa ya sayi fuloti a bayan gari?

Wannan ba ya nufin takardar yarjejeniyar da aka rubuta a gaban mai unguwa ba ta da amfani. Kotuna sun amince mutane su ƙulla yarjejeniya kafin a nemo yardar hukuma, sai dai cinikin bai kammala ba sai an samo ta. Kowace takarda tana da iyakarta. Rasit yana tabbatar da cewa kuɗi sun sauya hannu. Yarjejeniya alkawari ce na sayarwa. Takardar miƙa haƙƙi, wadda lauya ke tsarawa, ita ce ke ɗauke haƙƙi daga mai sayarwa zuwa mai saye, bayan an sami amincewa, an biya kuɗin kan sarki, an yi rajista. Taswirar safiyo da turakun siminti su ke faɗin inda filin ya fara da inda ya tsaya, abin da bishiyar ɗorawa ko suri ba za su iya riƙewa shekara talatin ba.

Akwai kuma takardar wakilci, wadda wasu dillalai ke miƙa wa mai saye a madadin takardar miƙa haƙƙi don a guje wa kuɗin amincewa. A shari'ar Ude da Nwara ta 1993, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa wannan takarda izini ce kawai da mutum ya ba wani ya yi aiki da sunansa, ba ta mayar da wakili mai gida. Wanda ya biya miliyoyi ya karɓi takardar wakilci kaɗai, a idon doka ɗan aike ne a gidan da ya saya.

Al'ada ma tana da nata sharuɗɗan, kuma kotunan gwamnati suna girmama su. Ciniki bisa al'ada yana tabbata da abu uku: a biya kuɗi, a yi a gaban shaidu, a kai mai saye a damƙa masa wurin a gabansu. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, Kotun Ƙoli ta jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, kuma takarda ɗaya ce kawai daga ciki. Sauran su ne tarihin gado na baka, ayyukan mallaka da aka daɗe ana yi kamar noma da bayar da haya, daɗewa a wurin, da mallakar filin da ke maƙwabtaka. Dattijon Manga da zai iya jero wanda ya sari dajin da waɗanda suka gaje shi har zuwa kansa, yana riƙe da hujjar da alƙali zai saurara.

Haɗarin al'ada yana cikin filin dangi. Ƙa'idar da kotunan Nijeriya suka daɗe a kanta ita ce, idan wani daga cikin dangi ya sayar da filin gandu ba da yardar babban gida ba, cinikin ya ɓaci tun daga tushe. Idan babban gidan ne ya sayar da sunan dangi ba tare da manyan 'yan uwa ba, suna da ikon zuwa kotu su warware. Mai saye da ya ga mutum ɗaya ya zo shi kaɗai da gonar mahaifinsa, ya tambaya: an raba gadon? Su wa da wa suka sa hannu? Ina matan gidan? A 2014, a shari'ar Ukeje da Ukeje, Kotun Ƙoli ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki. Shari'ar daga ƙasar Ibo ta taso, amma tsarin mulkin da ta dogara a kai ya game Nijeriya duka. Ƙanwar da aka manta da ita ranar ciniki tana iya bayyana ranar da aka ɗora kwano.

Aro da jingina su ma suna cin gidaje. Aron fili ba ya zama kyauta don an daɗe, amma idan mai bayarwa da mai karɓa duk sun rasu ba a rubuta komai ba, jikoki za su tashi kowa da labarinsa. Jingina ta gargajiya kuwa, mai bin bashi ke riƙe gona yana mora har a biya shi, kuma ko bayan shekaru masu yawa magada na iya kawo kuɗi su fanshi abinsu. Jinginar banki ba haka take ba. Mai gida yana zaune a gidansa, takardu ne ke hannun banki, amma in wa'adi ya cika bai biya ba, banki na iya sayar da gidan. Wanda ya shiga banki da fahimtar jinginar kakanni a ransa, yana ganin ko yaushe ya samu zai fansa, ya yi babban kuskure.

Ga Musulmi, fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke aiki da shi yana da kalmomin da ya kamata kowane mai gida ya riƙe. Hauzi: wanda yana gari, yana gani, bare ya riƙe filinsa shekara goma yana gini yana rushewa, bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi magana, ba a sauraron ƙararsa bayan nan. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo, kuma hauzi ba ya aiki inda aka tabbatar aro ne ko haya ko jingina. Shuf'a: idan magada suna tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da ikon biyan kuɗin su karɓe. Kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. A ƙasar Zuru, inda ake samun Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya a zuriya ɗaya, sanin wace shari'a ce ta hau kan gadon mamaci shi ne matakin farko kafin a taya gidansa.

Wasu za su ce duk wannan surutun lauyoyi ne, mutanen karkara da amana suke ciniki. Akwai gaskiya a ciki. Tafiya daga Zuru zuwa Birnin Kebbi tana cin sa'o'i da kuɗin mota, kuɗin safiyo da na rajista kan kusa kamo kuɗin ƙaramin fuloti, kuma fayil na iya kwana a ofis wata da watanni. Shi ya sa kwamitin gyaran dokar ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009, ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya yi aiki da ƙiyasin cewa abin da aka yi wa rajista a ƙasar Nijeriya bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Mutane ba don wauta suke guje wa rajista ba. Amma amana tana tsakanin mutum biyu ne da suka san juna, fili kuwa yana wuce su ya kai ga 'ya'yan da ba su halarci cinikin ba.

Wasu ƙasashen Afirka sun nuna cewa akwai wata hanya. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar karkara a 1993, wadda a ƙarƙashinta aka samar da kwamitocin filaye har zuwa matakin ƙauye. Mai gari ke jagorantar na ƙauye, kuma a nan ake rubuta takardar shaidar saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina, kowace da sunanta, a ajiye kwafi. Tanzaniya kuma a 2021 ta gyara dokokinta ta mayar da Suwahili harshen doka da na kotu. A nan gida ma, sashe na 97 na tsarin mulki ya ba majalisar jiha damar gudanar da aikinta da harshen da ake ji a jihar. Akwai kuma tsohuwar dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta wajabta wa duk wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum ya sa sunansa da adireshinsa, bayan an karanta masa an yi masa bayani. A cinikin filaye na karkara ba a cika kula da ita ba.

Abin da ake bukata a Kebbi bai fi ƙarfin gwamnati ba. Ma'aikatar filaye da hukumar taswirar filaye ta jihar, KEBGIS, su fitar da fom-fom na saye, kyauta, aro da jingina cikin Hausa, da boko da ajami, da kuma C'lela don mutanen ƙasar Zuru, kowane da bayanin abin da yake bayarwa da abin da ba ya bayarwa. A liƙa taswirar iyakar birni da jadawalin kuɗaɗe a bangon sakatariya inda kowa zai gani, don kada ɗan tsakiya ya riƙa yanka wa mutane farashi. Ƙaramar hukumar Zuru ta raya kwamitin ba da shawara kan rabon filaye da sashe na 2 na Dokar Amfani da Ƙasa ya tanada, ta riƙa bayar da haƙƙin zama na gargajiya a rubuce. Fadar hakimi da ta dagaci su riƙe kundi guda mai lambobi, yadda ba za a sa wa fili ɗaya hannu sau biyu ba. Lauyoyin yankin, limamai da fastoci, da gidajen rediyon jihar, kowa yana da mumbarin da zai iya bayyana wa jama'a bambancin rasit da takardar miƙa haƙƙi.

Kafin hukuma ta motsa, mai shirin sayen fili a Manga ko Ushe ko Rikoto yana da abin yi da kansa. Ya je wurin da ƙafarsa ya tambayi maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa. Ya nemi sanin yadda mai sayarwa ya sami filin, in gado ne ya ga sauran magada ido da ido, maza da mata. Ya bincika a ofishin filaye ko an riga an ba wani wurin ko an jinginar da shi. Ya sa a karanta masa takarda layi-layi da harshen da yake ji, a rubuta sunan wanda ya fassara a ƙasa. In an biya kuɗi, shaidu su raka shi a damƙa masa filin, safiyo ya kafa turaku, sannan ya ɗauki takardunsa ya nufi sakatariya ko ma'aikata neman amincewa da rajista tun mai sayarwa yana raye, yana kuma iya sa hannu.